Daga Larabar Toka zuwa Fentikos: me zan karanta?

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya daga Kudancin Kaduna ta aiko da tambaya kamar haka: "Baba, ni 'yar ECWA ce, a cocinmu ba a shafa toka. Bara na bi wata abokiyar aikina 'yar Katolika muka yi azumin kwana 40. Na ɗauki Littafi Mai Tsarki daga Farawa, ina isa Littafin Firistoci na gaji na ajiye. Ranar Ista muka yi sujada, muka ci shinkafa, shi ke nan komai ya koma yadda yake. Shin azumin nan yana cikin Littafi? In zan sake yi, me ya kamata in karanta?"

'Yata, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara miki ƙishin maganarsa. Bari in fara da gaskiyar da ba ta da kwana-kwana: babu ayar da ta umarci mai bi ya yi azumin kwana 40 kafin Ista. Yesu ya ce "in za ku yi azumi", ya nuna yana sa ran almajiransa za su yi, amma bai yanka musu wata ko rana ba. Bulus ma a Romawa 14 ya ce wani yana girmama wata rana, wani kuwa duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tsaya da tabbacin zuciyarsa, kada a hukunta juna. Saboda haka cocinku bai yi laifi ba, abokiyarki ma ba ta yi ba.

Amma abin da ba umarni ba ne yana iya zama gado mai amfani, kuma sai kin san dalilin da ya sa aka kafa shi za ki gane abin da ake karantawa a cikinsa. A ƙarshen ƙarni na biyu, Ireniyus, bishop na birnin Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta cewa waɗansu na azumin kwana ɗaya kafin idin, waɗansu biyu, waɗansu fiye da haka. Sai a ƙarni na huɗu, bayan babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325, muke ganin kwana 40 ya zauna sosai, har Atanasiyus na Iskandariya yana ambatarsa cikin wasiƙun da yake aika wa ikilisiyoyin Masar kowace shekara. A wancan zamani daren Ista ne babban lokacin yi wa sababbin tuba baftisma. Makonnin da ke gabansa su ne ajin baftisma: ana koya musu, ana yi musu addu'a, suna azumi, sauran jama'a kuma suna taya su. Waɗanda suka yi babban zunubi aka dakatar da su daga Jibin Ubangiji su ma a lokacin suke shirin dawowa. Wato tun farko idon kowa yana kan ruwan baftisma da kabarin da aka tarar ba kowa a ciki. Azumin hanya ce, ba masauki ba. A nan ne na ga inda tafiyarki ta bara ta karye: kin yi shirin tafiya na kwana 40, da kika iso ƙofar gidan sai kika juya.

Ko lissafin kwanakin yana faɗin haka. Daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin, zuwa Asabar ɗin jajiberin Ista kwana 46 ne. A cire Lahadi 6, saura 40. Ba a ƙirga Lahadi cikin azumi domin kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce. Ko a tsakiyar makoki, mako-mako ana leƙa murnar da ke gaba.

To, karatun. Shawarata ita ce ki bar zancen sauke Littafi duka cikin kwana 40. Wannan aiki ne mai kyau, amma na shekara guda ne. Ikilisiyoyin da ke bin jadawalin karatu, kamar Katolika da Angalikan da Lutaran, sun riga sun share hanya, kuma ba sai kin bar cocinku za ki ci moriyarta ba. Littafin ai ɗaya ne.

Ranar farko ana karanta Yowel 2, Zabura 51 da Matiyu 6. (In tsohuwar fassarar 1932 ce a hannunki, wadda Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi wa hidima, za ki ga Matta da Yohanna a inda sabuwar fassara ta ce Matiyu da Yahaya.) Yowel ya yi magana ne a lokacin da fara ta cinye ƙasa ƙaf, babu hatsi, babu abin miƙa hadaya. Duk wanda ya taɓa jin labarin shekarar fara daga bakin kakanni ya san irin wannan tsoro. A cikin wannan hali annabin ya ce su kyakketa zukatansu, ba tufafinsu ba, su komo wurin Ubangiji. Ki lura da dalilin da ya bayar. Bai ce su komo domin Allah ya fusata ba. Ya ce su komo domin shi mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Kalmar Ibrananci da aka fassara "komo" ita ce ta mutumin da ya kama hanya ya juyo gida. Ba wanda yake juyowa gidan da ya tabbata za a rufe masa ƙofa. Jinƙan ne ya riga tuban, shi ne ma ya haife shi. In kin riƙe wannan, sauran karatun kwana 40 ba zai zame miki bulala ba.

Zabura 51 kuwa kada ki karanta ta ita kaɗai. Ki fara da 2 Sama'ila 11 da 12, ki ga Dawuda a kan soro, ki ga Uriya yana ɗauke da wasiƙar mutuwarsa a hannunsa, ki ji Natan yana ba da labarin 'yar tunkiyar talaka har sarki ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba. Sa'an nan ki buɗe zaburar. A aya ta 10 Dawuda ya roƙi Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce ta Farawa 1:1, kuma a Tsohon Alkawari Allah kaɗai ake danganta wa irin wannan aiki. Dawuda bai ce a yi masa faci ba. Ya san tsohuwar zuciyar ta wuce gyara. Akwai zaburori 7 da tun dā ake kira na tuba: 6, 32, 38, 51, 102, 130 da 143. Ki ɗauki ɗaya kowane mako, ki maimaita ta safe da yamma har ta zauna a bakinki. A wurin aiki, lokacin da hannunki ke kan mara lafiya ba halin buɗe littafi, ita za ta zo miki da kanta.

Game da toka, na san abin da dattawan cocinku za su ce, kuma suna da hujja: a Matiyu 6 Yesu ya ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada mutane su gane. Masu shafa tokar ma wannan ayar suke karantawa a ranar, da gangan, domin ta zama gargaɗi a kansu. Tokar, wadda ake samu daga ƙona ganyen dabinon bara, tana tuna wa mutum maganar Farawa 3:19 cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya zai koma. Ke da kike aiki a asibiti ba ki rasa mai tuna miki wannan ba. In ba a yi a cocinku, ba ki rasa kome ba.

Lahadin farko labarin gwajin Yesu ne a jeji, a Matiyu 4 ko Luka 4. Ina so ki daɗe a nan. Amsoshin Yesu uku duka daga littafi ɗaya suka fito, Maimaitawar Shari'a, sura 6 da sura 8, inda Musa ke tuna wa Isra'ila shekara 40 da suka yi a jeji suna gunaguni a kan abinci, suna gwada Allah, suna bin gumaka. Yesu yana sake bin sawunsu ne, yana tsayawa a duk inda suka faɗi. Saboda haka labarin ba darasin "ki yi ƙoƙari kamar Yesu" ba ne kawai. Albishir ne cewa an sami wanda ya ci jarrabawar a madadin waɗanda suka faɗi. Ki kuma lura Iblis ma ya kawo aya. Ya ɗauko Zabura 91, wadda yawancinmu muke karantawa in za mu hau mota ko in dare ya yi tsoro, ya ce ai an rubuta mala'iku za su tallafe ka. Ya yanko abin da ya yi masa daɗi, ya tsaya daidai kafin aya ta 13, wadda ta ce za ka tattake zaki da maciji. Ya koya mana, ba da sonsa ba, cewa aya ɗaya da aka tsinko daga mahallinta tana iya jefa mutum daga kan hasumiya. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su karanta sura sukutum kafin su ɗora wa'azi a kan aya guda.

Makonnin tsakiya ki ba Yahaya 4, 9 da 11. Waɗannan su ne tsofaffin karatun masu shirin baftisma: ruwa, haske, rai. A wurinmu azumin yakan faɗo ne daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, rijiyoyi sun ja baya, mata suna layi da jarkoki tun asuba. Ki karanta labarin Basamariya da tsakar rana, maƙogwaronki a bushe, za ki ji nauyin "ba ni ruwa in sha" yadda wanda ke zaune a ƙasar sanyi ba zai ji ba. Matar ta zo da tulu, ta koma gari ta bar tulun a bakin rijiya. A sura 9 ki bi bakin makahon da aka buɗe wa ido: da fari ya ce "mutumin da ake kira Yesu", da aka matsa masa ya ce annabi ne, da aka ƙara matsawa ya ce daga Allah yake, da aka kore shi daga majami'a ya ce "Ubangiji, na gaskata". Tsanani ne ya riƙa buɗe masa ido na biyu. A sura 11 kuwa Yesu ya san zai ta da Li'azaru nan da ɗan lokaci, duk da haka ya tsaya ya yi hawaye. Ina kawo wannan a duk gidan makokin da na ji ana ce wa gwauruwa ta daina kuka wai rashin bangaskiya ne.

Akwai sura ɗaya da ba na yarda mai azumi ya tsallake, Ishaya 58. Mutanen sun yi ƙara cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Ya amsa musu cewa a ranar azumin nasu suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Azumin da ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigar da mara masauki gida. Shekarun baya, a wata ƙaramar ikilisiyar ƙauye da na yi hidima, akwai wa da ƙane da suka yi shekara uku ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Dukansu masu azumi ne na gaske, shida zuwa shida, ko ruwa ba sa sha. Ɗaya yana zama a bencin gaba, ɗaya a bakin ƙofa. Wata Laraba da yamma a taron addu'a aka ba wan ya karanta wannan sura, domin shi ne mai kyakkyawar murya. Ya kai aya ta 4 sai ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Wani yaro ne ya ƙarasa karatun. Ban ce masa kome ba, ba wanda ya ce. Washegari da sassafe aka gan shi da fartanya a kafaɗa ya nufi gidan ƙanen, suka tafi gonar tare da dattijo ɗaya, suka dasa aduwa a kan iyakar. Tun ranar nake tambayar duk mai shirin azumi: wa kike bin bashin gaisuwa? Kuɗin abincin ranar da kika ƙi ci, aljihun wa zai shiga? In ya koma naki, ai tanadi kika yi.

Kin ambaci abokiyarki, to ga ƙa'idarsu a taƙaice: azumin dole kwana biyu ne, Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, ana cin cikakken abinci sau ɗaya, kuma ana barin nama a ranakun Jumma'a. A 2025, da Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, maƙwabtanmu Musulmi suna cikin Ramadan, na ji matasanmu da yawa suna jin kunya wai nasu azumin bai kai ba. Ba gasa ake yi ba. Kowane yana da ma'anarsa da tsarinsa. Ke mai aikin dare da tsayuwa, ki yi wanda ba zai sa hannunki rawa a kan allura ba.

In Mako Mai Tsarki ya zo, ki ajiye sauran littattafan addu'a ki kama Bishara ɗaya. Markus ya fi sauƙi: surori 6 cikin 16 nasa a kan wannan mako guda suke, daga 11 zuwa 16, kusan kwana-kwana. Ranar Jumma'a ki karanta Ishaya 53 da Zabura 22, sa'an nan Yahaya 18 da 19 a zama ɗaya, da murya. Kukan Yesu a kan gicciye, "Ya Allahna, don me ka yashe ni", layin farko ne na Zabura 22. Ki bi ta har ƙarshe ki ga inda ta sauka. A Yahaya 18:18 kuma ki sa alama: bayi da dogarai sun hura wutar gawayi saboda sanyi, Bitrus yana tsaye yana jin ɗumi tare da su, a nan ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Ki riƙe wutar nan a zuciya, za mu komo gare ta.

Asabar ita ce ranar da muka fi wulaƙantawa. Kasuwa, kitso, ɗinki, yankan kaji. Amma a Littafi ranar shiru ce: matan sun shirya kayan ƙanshi suka huta bisa ga doka, ba su san akwai Lahadi irin wadda muka sani ba. Manomanmu suna da wata shuka da suke kira binne. Kafin ruwan fari ya sauka, mutum ya ɗebi gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, ya zuba a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya koma gida yana duban gabas. Kalmar da muke faɗa wa gawa ita muke faɗa wa irin. Yesu ya ce in ƙwayar alkama ba ta faɗi ƙasa ta mutu ba, ita kaɗai za ta zauna. Bulus ya ɗauko hoton nan a 1 Korantiyawa 15. Ki sami ko rabin sa'a ranar Asabar ki zauna da Yahaya 12:24 da Romawa 6, inda aka ce an binne mu tare da shi ta wurin baftisma. Ki tuna ranar taki baftismar, da rafin ko kwamin da aka yi ta, da wanda ya riƙe ki.

Yanzu ga inda na fi so ki gyara. Ista ba rana ɗaya ba ce, kwana 50 ne, har Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki. Murnar ta fi azumin tsawo da kwana 10, amma mu mun iya azumin, ba mu iya murnar ba. Ranar Litinin mukan hau dutse ko mu fita fili mu ce mun tafi Galili, Zumuntar Mata da ganguna da tulu, yara da sababbin kaya, abin gwanin daɗi. Talata kuwa Littafi ya koma ma'ajiyarsa. Alhali labaran da suka fi warkar da mai tuba duk a wannan gefen suke.

Ki fara da Markus 16. Mala'ika ya ce wa matan su je su faɗa wa almajiransa "da Bitrus". An ware sunan wanda ya fi kowa jin cewa an gama da shi. A Luka 24 mutum biyu suna tafiya Imuwasu, tafiyar kusan kilomita 11, fuska a murtuke, suna cewa "dā muna sa zuciya". Baƙon da ya tarar da su bai fara da nuna kansa ba. Ya bi da su cikin Musa da annabawa tukuna, sai a wurin gutsura gurasa idonsu ya buɗe. Duk abin da kika karanta cikin kwana 40 ɗin, Yowel da Ishaya da Zabura, a kan wannan hanya ake sake karanta shi, yanzu da fitila a hannu. Lahadi ta biyu ta Toma ce. Ba na son yadda muke yi masa laƙabi da mai shakka kamar mun fi shi. Abin da ya nema shi ne ya ga raunukan, kuma Yesu ya tashi da su a jikinsa, bai ɓoye ba. Na taɓa karanta wannan wuri a gaban jama'ar da suka binne 'yan'uwansu makonni kaɗan kafin idin, suna zaune a ƙarƙashin rumfar kara domin ginin ba rufi. Ba wanda ya yi guɗa a ranar. Amma da muka kai "Ubangijina da Allahna", wata tsohuwa ta maimaita shi a hankali sau uku, sauran suka kama.

Sa'an nan Yahaya 21. Bitrus ya koma su, sun kwana ba su kama kome ba. Da gari ya waye suka fito gaci suka tarar da wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa. Kalmar Helenanci ta wutar gawayi sau biyu kaɗai ta fito a Sabon Alkawari: a farfajiyar babban firist, da nan. Kin san yadda ƙanshin gawayi yake kama tufafi. Bitrus ya shaƙi ƙanshin daren da ya fi ƙi a rayuwarsa, kuma a gaban wannan wuta aka fara ciyar da shi, bayan ya ƙoshi aka tambaye shi sau uku ko yana ƙauna, sau uku aka danƙa masa tumaki. Ba a ce ya yi bayanin abin da ya faru ba. Tuban da ya fara da kuka mai zafi a daren Alhamis, sai bayan tashin ya sami inda zai sauke kayansa.

Sauran kwanakin ki ba Ayyukan Manzanni, kamar yadda ikilisiya take yi tun dā a wannan lokaci. Surori 28 ne, ki ɗauki ɗaya kowace rana ban da Lahadi, za ki gama da sauran kwanaki a hannu, sai ki cike da 1 Bitrus, wasiƙar mutumin nan na bakin wuta zuwa ga masu bi da ke shan tsanani. A rana ta 40, Alhamis, ki koma sura 1 ki karanta hawansa sama. A ta 50 ki karanta sura 2, inda Bitrus ya miƙe a gaban taro ya buɗe baki da annabi Yowel, sura 2 ɗin nan da kika fara da ita ranar Laraba. Ki gayyaci abokiyar taki ku yi wannan rabin tare, tunda ita ta ja ki zuwa na farkon. Ku sa lokaci tun yanzu, ko minti 15 ne bayan an tashi daga aiki, ku fara ranar Talatar da ta bi Galili.